Ina Za Mu Kafa Tanti? Neman Wurin Yada Zango A Yankin Damri Da Mafara

Duk shekara idan aka kawar da amfanin gona, sanyin hunturu ya fara kaɗawa, jarrabawar zangon farko ta ƙarato, sai ka ji ƙungiyoyin makaranta sun fara zancen fita. 'Yan sikawut na son su kafa tanti su kwana a fili, 'yan Man O' War na son atisaye, 'yan agaji na shirin sansanin horo, masu darasin labarin ƙasa kuma na son su ga dam da idonsu, ba zanen alli a jikin allo ba. Tambayar da ke tsayar da kowa ita ce: a ina?

A wasu wuraren, taswira kawai ake buɗewa a zaɓi wuri mai kyan gani. A yankinmu na Damri, Bakura, Talata Mafara da Maradun kuwa, zaɓen wuri shi ke raba tafiyar da ake dawowa gida da labari mai daɗi da wadda ke jefa iyaye cikin zullumi. Shi ya sa mu yayyenku da ke jami'a muka ga ya dace mu zauna da ku a kan wannan batu tun kafin wani ya fara ɗaure tabarmarsa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka da ƙasashen Turai, kwana a fili wani nau'in hutu ne da iyali ke tanadar wa kuɗi. Wasu na tafiya da tanti, wasu kuma da manyan motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki. Akwai filaye da aka keɓe musamman domin su, kowane ɗan fili da lambarsa, da famfon ruwa, da wurin jona wuta, da jami'in da ke zagayawa. Mutum na iya kama wuri ta intanet tun watanni kafin tafiya. Gandun dajin Yellowstone, wanda Amurka ta keɓe a 1872, yana da irin waɗannan filaye da dama.

Mu ba mu da wannan tsari a Zamfara. Babu allo a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato da zai nuna maka filin kafa tanti. Aikin da hukuma ke yi wa Bature, na tantance wuri da samar da ruwa da tsaro, a nan ku da malamanku za ku yi shi da kanku. Sa'ar da muka yi ita ce, kakanninmu sun bar mana yadda ake yi.

Darasi daga ayarin fatake

Kalmar zango da muke kiran watannin karatu da ita, asalinta wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana. Fataken da ke tashi daga Kano, Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja domin sayo goro sukan shafe watanni a hanya da jakuna da kaya masu daraja, ga 'yan fashi a daji. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma shi ke gaba yana nuna hanya. Ba sa sauka inda dare ya riske su. Sukan tashi da sassafe, su isa zango tun rana na sama, domin a ga wurin da kyau, a ɗebo ruwa, a samo itace kafin duhu.

Zangon da suke zaɓa yakan kasance kusa da gari, kusa da ruwa, da sanin sarkin garin, wanda ake kai wa gaisuwa shi kuma ya ɗauki nauyin baƙinsa. Wuraren da aka daɗe ana sauka har gari suka zama: ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga unguwannin Zango a Kumasi da Akara ta ƙasar Gana, inda har gobe ake jin Hausa.

Ko a tarihin sikawut haka abin yake. Lokacin da Robert Baden-Powell ya yi sansaninsa na farko a watan Agustan 1907, bai kwashi yara ya kutsa daji da su ba. Tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila ya kai su, da izinin mai wurin, yara kimanin 20 da ya kasa gida huɗu, kowane rukuni da shugabansa. Madugu da Baturen nan ba su taɓa haɗuwa ba, amma lissafinsu ɗaya: a fara duba aminci, sannan ruwa, sannan ƙasar da za a kwanta a kai. Kyan wuri shi ne na ƙarshe.

Abin da yankinmu ke da shi

Idan kyan wuri ake nema, ba mu da abin jin kunya. Ga Dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wanda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978. An gina shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. Wanda ya bi magudanan ruwan da rani zai ga shinkafa da albasa da tumatir shar a lokacin da ko'ina ya bushe, ga masunta da kwalekwale, ga tsuntsayen ruwa. Ɗalibin noma, ɗalibin kimiyyar halittu da ɗalibin labarin ƙasa kowa zai cika littafinsa a yini guda.

Ɗalibin tarihi ma yana da abin ɗauka. A watan Afrilun 1980, manoman da aikin dam ɗin ya raba da gonakinsu sun tashi neman diyya, 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka. Wannan ya isa ya tuna muku cewa babu wani fili a yankin nan da ba shi da mai shi, ko ba shi da labari. Filin da kuka gani fetal bayan girbi gonar wani ce, ko burtalin shanu, ko tsohuwar maƙabarta.

Maganar da ba a kewaye ta

Kowa a cikinku ya san halin da ake ciki, amma gara a faɗa a fili. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantu. A watan Mayun 2022 kuma aka kai hari Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, aka kashe gomman mutane.

Taron ɗalibai a wuri ɗaya abin nema ne ga waɗannan mutane. Don haka a yanzu babu wani daji, ko bakin gulbi, ko gindin dutse a wajen gari da za mu ce muku ku je ku kwana. Dajin Sububu da makamantansa ko da rana ba wurin zuwa ba ne. Duk wanda ya ce muku jarunta ce a kwana a can, ku tambaye shi ko shi zai je gidanku ya yi wa mahaifiyarku bayani.

Amma kuma idan muka ce a nannaɗe tanti a jefa a sito sai ranar da lafiya ta samu, za a wayi gari da samari da 'yan matan da ba su iya ƙulla igiya ba, ba su iya hura wuta da ashana ɗaya ba, ba su san gabas ba sai sun duba waya. Wannan ma asara ce. Mafita ita ce a rage nisa, a rage dare, a ƙara shiri.

To, ina za a je?

Wuri na farko, kuma wanda ya fi dacewa da halin da muke ciki, shi ne sansanin yini. A zaɓi filin makaranta ko filin wasa da ke tsakiyar gari. A kafa tanti da hantsi, a yi girki, a koyi ɗaurin igiya da taimakon gaggawa da karanta taswira, a kwance komai bayan la'asar, kowa ya isa gida kafin magariba. Kusan duk abin da ake koyo a sansani ana iya koyon sa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta.

Na biyu shi ne kwana ɗaya ko biyu a cikin babban gari, a harabar da ke da katanga da ƙofa ɗaya, da gidajen jama'a kewaye da ita ta kowane gefe. A nan ku lura sosai: katanga kaɗai ba ta isa ba, domin 'yan matan Jangebe daga ɗakunan kwanansu aka ɗauke su. Makarantar da bayanta ke kallon daji, ko take gefen gari ita kaɗai, ba wurin kwana ba ce ko da ginin ya yi kyau. Kuma wannan mataki sai jami'an tsaro sun amince. In suka ce a'a, magana ta ƙare.

Na uku shi ne ziyarar gani da ido zuwa dam ko gonakin rani, a je da safe a dawo da rana, da izinin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima wadda ke kula da aikin Bakolori, da rakiyar wanda ya san wurin. Na huɗu, ga makarantar da ke da hali, shi ne fita wajen jiha zuwa inda aka tanada domin hakan, kamar cibiyar horar da shugabanci da ke tsaunukan Shere a Jos, ko gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi mai ruwan ɗumi na Wikki. Sai dai a tuna, ita ma hanyar zuwa can sai an auna ta kamar yadda aka auna masaukin.

Kafin a buga turke na farko

Ba ɗalibai ke yanke shawarar wuri su kaɗai ba. Malamin da ke kula da ƙungiya zai rubuta wa shugaban makaranta, shi kuma ya nemi amincewar ofishin ilimi da ƙungiyar iyaye da malamai. Daga nan a je wurin mai unguwa ko dagaci, a sanar da baturen 'yan sanda na yankin da jami'an sibil difens, da Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, inda suke da sansani. Kowane ɗalibi ya kawo amincewar iyayensa a rubuce. Idan da 'yan mata a tafiyar, a tafi da malamai mata, a ware musu tanti da makewayi nasu.

Kamar yadda jagaba ke yin gaba, malami ɗaya da manyan ɗalibai biyu su je su ga wurin kwana biyu ko uku kafin ranar. Su tambayi masu gadi, da manoma, da 'yan acaɓa, da mata masu ɗiban ruwa: me ya faru a nan a 'yan makonnin nan? Ta ina ake shiga, ta ina ake fita? Ina asibiti mafi kusa, kuma minti nawa ne a mota? Su gwada waya da layuka biyu daban. Ku tuna a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni, saboda haka a rubuta sunayen masu tafiya a takarda, a bar kwafi a hannun shugaban makaranta, a kuma tsayar da lokacin dawowa.

Sai abin da ya fi wa samarin zamani wuya: kame baki. Kada a sanya wuri da rana a Facebook ko a zauren WhatsApp. Masu kai wa 'yan bindiga labari a cikin jama'a suke. Hoto ba ya ruɓewa, ku bari sai kun dawo gida.

Karanta ƙasa, iska da bishiya

Idan an samu wuri mai aminci, sai a duba inda tanti zai zauna. A nemi tudu mai ɗan gangare, ƙasa mai jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya a kai. Fadama tana jan ido da korenta, amma sauro ne da danshi, laka kuma na riƙe tayar mota. Busasshen rafi mai yashi yana da daɗin kwanciya, sai dai ruwan da aka yi a wani gari, ko wanda aka saki daga dam, na iya isowa ba sallama. A share wurin tas, a duba ramuka da gidan tururuwa da suri.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ƙofar tanti ta kalli kudu maso yamma. Da damina kuma hadari daga gabas yake tasowa, sai a ba shi baya, a ja ɗan lambatu kewaye da tanti. Mafi kyan lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, tanti ya koma tamkar tanda.

Ba kowace inuwa ake kwana a ƙarƙashinta ba. Tsamiya da darbejiya suna da inuwa mai kauri, amma a ɗaga kai a duba ko da busasshen reshe. Gawo yana da ganye da rani, sai dai ƙasansa ƙaya ce. Kogon kuka gidan zuma ne sau da yawa. Giginya kuwa Bahaushe ya riga ya gama magana: na nesa ka sha inuwarta, na kusa sai faɗowar 'ya'ya a ka. Idan ana walƙiya, doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili ita ce wurin da ya fi haɗari.

Idan da mota aka je, a ajiye ta tana fuskantar hanyar fita, da mai a tanki, direba kuma ya zauna tare da ku, makulli a aljihunsa.

Ruwa: abokin tafiya, kuma abin tsoro

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da shi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, domin sha da girki da tsafta. Ku yi lissafi: ɗalibai 40 na buƙatar lita 600, wato jarka 24 mai cin lita 25. Wurin da ba shi da rijiyar burtsatse ko famfo a kusa ya faɗi jarrabawa. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi ya yi ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin tsarkake ruwa a jira rabin awa. Idan sai an haƙa masai, ya yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare.

Ruwan dam da na magudanan rani yana kiran mutum ya faɗa, musamman da rana tsaka. Kada ku amsa kiran. Gefen magudanar siminti yana da santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Ban da nutsewa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta ratsa fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji komai ba, sai daga baya ya fara ganin jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi.

Ku kuma nisanci duk inda ake daka ko wanke duwatsun zinare. A 2010 gubar dalma da ke cikin irin waɗannan duwatsu ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu. Ƙurar ba ta da wari, kuma takan daɗe a cikin ƙasa.

Idan dare ya yi

Wuta ta yi nesa da tanti ta ɓangaren da iska ke tafiya, a share busasshiyar ciyawa kewaye da ita, a ajiye bokitin ruwa ko yashi a gefe. Komai tsananin sanyi, kada a shiga da kaskon gawayi cikin tanti, kada kuma a tayar da janareta a bakin ƙofarsa. Hayaƙinsu na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci bai farka ba. Bargo biyu da safa sun wadatar.

Kowa ya ɗaura gidan sauro, ya riƙe tocila, ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama. Idan maciji ya sari wani, musamman kububuwa wadda ta fi yawan ɓarna a irin ƙasarmu, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da shi, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. A raba aikin gadi tsakanin malamai da manyan ɗalibai, a ƙirga mutane kafin barci da bayan tashi, kuma ko makewayi kada wani ya tafi shi kaɗai.

Da za a tashi, a kashe wuta da ruwa har toka ta huce, a rufe ramuka, a tsince leda da gwangwani, a je a yi wa mai unguwa godiya. Baƙon da ya bar wuri da tsafta shi ake sake ba masauki.

Ƙannenmu, wata rana da yardar Allah za a kafa tanti a bakin Bakolori a kwana ana kallon taurari ba tare da fargaba ba. Waɗanda za su jagoranci yara a wannan ranar su ne waɗanda suka koyi aikin yau a filin makaranta. Ku kai wannan shafi wurin malamin ƙungiyarku a wannan mako, ku zauna ku rubuta wurare uku a cikin garinku, ku auna kowanne da aminci, da ruwa, da ƙasa. Wanda ya ci duka ukun, shi ne zangonku na bana.